Harafi Ɗaya Mai Tsada a Jikin Dalar Azurfa

A kasuwar masu tara tsofaffin kuɗi ta Amurka, harafi ɗaya tak yana iya raba kwandalar ɗaruruwan daloli da ta dubbai. Haka lamarin yake ga dalar azurfa samfurin Morgan, wadda aka buga daga 1878 zuwa 1904, sannan a 1921.

A shekarar 1893, ma'aikatar buga kuɗi ta San Faransisko ta fitar da guda 100,000 kacal, kowace da harafin S a bayanta, ƙarƙashin hoton mikiya. Wadda aka buga a Filadelfiya a wannan shekarar ba ta da harafi, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Saboda haka 'yan damfara kan manna mata S.

Sikeli yana tona asirin jabun da aka yi da wani ƙarfe, domin ta gaskiya giram 26.73 ce, kashi 90 cikin 100 azurfa. Amma ba ya kama wannan ha'incin, tun da azurfar ta ƙwarai ce. Abin da ƙwararru ke dubawa shi ne fuskar kwandalar: da hatimi guda aka buga fuskar dukkan na San Faransisko, kuma ya bar siririn layi a cikin harafin T na kalmar LIBERTY. Sai da gilashin ƙara girma ake ganinsa.

Manyan dillalai dai ba safai suke biyan kuɗinta ba sai da shaidar kamfanin tantancewa irin su PCGS, wanda aka kafa a 1986.