3.4 Matsalar Tambari a Kan Hotunan Fayil a Buɗaɗɗiyar Manhaja

Wannan sashe zai duba ƙananan hotunan nan da kwamfuta ke ɗora wa kowane fayil don a gane irinsa, kamar jan hoton PDF da shuɗin harafin W na Microsoft Word. Duk ɗalibin da ya taɓa kai aikinsa shagon buga takardu a Gumel ya san su.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda lasisinta ya yarje wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya kuma rarraba. Sai dai wannan izini ya tsaya ne a kan rubutun manhajar, bai shafi tambarin wani kamfani ba. Misali, tun shekarar 2008 tsarin PDF ya zama ma'aunin duniya mai lamba ISO 32000, ke nan kowa na iya ƙera manhajar da za ta karanta shi. Amma lanƙwasasshen zanen nan na Acrobat mallakar kamfanin Adobe ne.

Ana iya fahimtar wannan bambanci a kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis. Kowa na iya sayen sa a kara, amma alamar fentin da falke ya shafa wa shanunsa tasa ce shi kaɗai. Wanda ya shafa ta a kan nasa ya rikita masu lodi da dillalai, ko da bai yi niyyar cuta ba. Irin wannan ruɗani ne Dokar Alamomin Kasuwanci ta Nijeriya ta 1965 take hanawa, wato kada mai saye ya ɗauka kayan wani na wani ne.

Ba a kan hoton fayil kaɗai ake samun wannan takaddama ba. A shekarar 2006 masu Debian suka canza wa Firefox suna zuwa Iceweasel saboda saɓani da Mozilla kan suna da tambari, sai a 2016 aka mayar da sunan asali.

A ganin mai wannan nazari, hanyar da LibreOffice ta bi ta fi kwanciyar hankali. Tana buɗe fayilolin Word, tana kuma ambaton sunan Word a inda ake zaɓen nau'in fayil, amma hoton da take ɗorawa nata ne na kanta. Duk wanda zai fassara irin wannan manhaja zuwa Hausa ya rarraba, ya kamata ya binciki lasisin kowane hoto daban da na manhajar.