Buhun Shinkafa Ba Ya Zama Ɗan Maraɗi Don Ya Kwana a Maraɗi

Tun ranar 29 ga Janairun 2025, da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, magana biyu ke yawo a kasuwannin kan iyaka, daga Illela zuwa Jibiya, daga Maigatari zuwa Kamba. Wasu na cewa shi ke nan, duk abin da ya fito daga Nijar sai an biya masa cikakken kuɗin fito, tamkar kwantenar da aka sauke a Apapa. Wasu kuma na kwantar musu da hankali, wai ai an ƙulla yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka baki ɗaya, nan da ɗan lokaci kwastan ma sai a labari. Duka biyun sun kauce, kuma daga wuri ɗaya suka kauce. Sun ɗauka abin da ke yanke wa kaya hukunci shi ne ƙasar da suka biyo. Dokar kuwa tambayarta ita ce, a ina aka noma su, ko a ina aka ƙera su?

Maganar farko ba ta buƙatar dogon bayani. A ranar ficewar ce ECOWAS ta nemi ƙasashenta su ci gaba da karɓar kayan ƙasashen uku a ƙarƙashin tsarin sassaucin ciniki na da, har sai an cimma wata matsaya. Sauye-sauyen da aka gani daga ɓangaren ƙasashen uku suka zo. A ƙarshen Maris na 2025 ƙawancen ƙasashen uku, AES, ya sa harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ke shiga ƙasashensa daga waje, ban da irin su kayan agaji. Kafin nan, a Oktoban 2024, Yamai ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso, a watan Mayun 2025 kuma ta hana fitar da dabbobi ana dab da Babbar Sallah. Wanda ya ga ragunan Nijar sun yi ƙaranci a kara a shekarar, ba kwastan ɗin Najeriya ne ya tare su ba.

Magana ta biyu ita ce mai daɗaɗɗen tarihi, ita ce kuma ta fi cin dukiyar mutane. Tsarin sassaucin ciniki na ECOWAS, wanda ake taƙaita sunansa da ETLS, ya fara ne a 1979 da amfanin gona da dabbobi da aikin hannu, a 1990 aka shigar da kayan masana'antu. Manufarsa ita ce abin da aka samar a wata ƙasa ta yankin ya shiga 'yar uwarta ba tare da kuɗin fito ba. Daga nan jama'a suka gutsure rabin jimlar suka riƙe. Da an tare tirela sai ka ji mai kaya yana rantsuwa, "Ranka ya daɗe, ai daga Kwatano na ɗauko, kayan ECOWAS ne." A zuciyarsa gaskiya yake faɗa, don a Kwatano ya yi lodi, a Kwatano ya biya. Sai dai abin da ke cikin buhun a gonakin Tailan ya tsiro.

Duk wanda ya taɓa neman wa ɗansa takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ya san yadda abin yake. Sakatariya ba ta tambayar daga wace tasha yaro ya hau mota da safe. Baƙon da ya sauka a Katsina, ya kwana bakwai a masauki, ya sayi hula ya ɗinka babbar riga, bai zama Bakatsine ba, ko da ya iya gaisuwar Katsinawa. Mai unguwa zai tambayi gidansu, dagaci ya sa hannu, sannan a buga hatimi. A kan mutane dai wannan tsari yana shan suka, kuma da dalili, domin akwai wanda aka haifi kakansa a gari amma har yau ana ce masa baƙo. Dokar kaya ta fi ta mutane sauƙin kai ta wannan fuska: baƙon kaya yana iya zama ɗan gida, in dai an yi masa aiki na gaske a cikin yankin. Kwana a sito ba ya cikin aikin, sauya riga ma haka.

Ƙa'idar da ƙasashen suka amince da ita a 2003 ta shimfiɗa hanyoyin. Akwai abin da aka samar da shi kacokan a yankin, kamar albasar Galmi, waken Nijar, barkonon Diffa, citta daga kudancin Kaduna, ko kayan da aƙalla kashi 60 cikin 100 na ɗanyen abin da aka yi su da shi na gida ne. Akwai abin da aka shigo da ɗanyensa daga waje amma aka sarrafa shi har ya tashi daga ajinsa a kundin kwastan ya koma wani aji. Akwai kuma wanda aikin da aka yi masa a nan ya kai aƙalla kashi 30 cikin 100 na farashinsa a bakin masana'anta. Ƙa'idar ta kuma fayyace abin da ba ya ba kaya asali: sake zubawa a sabon buhu, liƙa tambari, tankaɗe, wankewa, rarrabawa. A ɗauka wani ya sayo shinkafa daga Indiya, ya farke buhunan a Lome, ya ɗura a wasu masu hoton tutar Togo. Ya kashe kuɗin buhu da zare, amma a idon doka shinkafar tana nan 'yar Indiya, kuma harajin 'yar Indiya za ta biya.

To me ya sa ake wannan dogon zagaye? Lissafi ne. Tun Janairun 2015 ƙasashen ECOWAS suke da jadawalin haraji na bai ɗaya a kan kayan da suka fito daga wajen yankin, mai hawa biyar: sifiri, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Shinkafa tana hawan 10. Amma an bar wa kowace ƙasa damar ɗora ƙarin haraji don kare abin da take nomawa, Najeriya kuwa ta ɗora har jimlar ta kai kashi 60 zuwa 70 cikin 100, sannan a Maris na 2016 ta hana shigo da shinkafa ta kan tudu gaba ɗaya. A ranar 1 ga Janairun 2017 motoci suka bi sahu. Jamhuriyar Benin ba ta da manoman shinkafar da za ta kare haka, tashar Kwatano kuma ita ce rumbunta. Shi ya sa ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 12 ba a lokacin ta shiga sahun gaba na masu sayen shinkafar Tailan a duniya a 2017 da 2018. Ba wanda ya yi zaton a Parakou ake cinye ta. Wani kaso ya tsallaka ta Seme da Idiroko, wani ya hau arewa da takardar kayan wucewa zuwa Nijar, ya huta a sito a Gaya ko Ƙonni ko Maraɗi, sannan ya gangaro da dare a kan babura da ƙananan motoci da aka cire wa kujeru.

Abin da ya biyo baya kowa ya ji a jikinsa. A ranar 7 ga Yulin 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan yarjejeniyar ciniki ta Afirka a Yamai. Ranar 20 ga Agusta, mako shida da 'yan kwanaki bayan haka, ya rufe iyakokin tudu. A watan Oktoba shugaban kwastan na lokacin, Kanar Hameed Ali, ya bayyana cewa haramcin ya shafi kowane irin kaya, shiga da fita. Ba a buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum ba sai 16 ga Disambar 2020, Jibiya da Kamba da Idiroko da Ikom kuwa sai Afrilun 2022. Wato da gwamnati ta gaza rarrabe ɗan gida da baƙo a bakin iyaka, sai ta rufe wa kowa ƙofa. Mai albasar Galmi, wanda yarjejeniya ta wanke tas, shi ne kayansa suka ruɓe a mota. Mai fasa-ƙwauri bai taɓa bin ƙofa ba balle rufe ta ta dame shi, sai ma kuɗin ɗaukar buhu da ya ƙaru.

Akwai wani rabin jimlar da shi ma ake yawan haɗiyewa. Yafe kuɗin fito ba ya nufin a wuce ofishin kwastan ana ɗaga hannu. Dole a bayyana kaya, a duba su. Harajin sayen kaya na VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020, harajin cikin gida ne, yana nan a kan kayan da ya shafa. Kayan masana'anta ba sa cin moriyar tsarin sai kamfanin ya yi rajistar kansa da ta kowane samfurin da yake yi a wurin kwamitin amincewa na ƙasarsa, wanda a Najeriya yake ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan kowane lodi ya taho da takardar shaidar asali. Amfanin gona da dabbobi da aikin hannu an ɗauke musu wannan takarda, abin da ake nema a wurinsu shi ne shaidar lafiyar tsiro ko ta dabba. Mai fitar da riɗi ko zoɓo daga Dawanau zuwa ƙetare shi ma yana da nasa fom na NXP da zai buɗe ta banki, ta nan ake bin sawun kuɗin da kayan suka kawo.

A nan ne laifin hukuma ya fi fitowa fili. Waɗannan ƙa'idoji suna rubuce da Turanci da Faransanci a shafukan intanet, mutanen da suka fi shafa kuwa da Hausa suke ciniki, a rediyo suke jin labari. Da wuya ka je bakin iyaka ka tarar da allo guda da aka rubuta a kansa, da harshen da mai jaki da mai amalanke za su karanta ko a karanta musu, cewa wake da gero da tumaki ba su da kuɗin fito. Wanda bai san haƙƙinsa ba kuwa, a kowane shinge sai ya miƙa na goro, har ya saba, har ya riƙa sa shi a lissafin uwar kuɗi. Rashin sanin nan yana da masu cin moriyarsa a kan titi, kuma ba abin mamaki ba ne idan ba su yi gaggawar kawar da shi ba. 'Yan kasuwa ma ba su tsira ba. Akwai alhajin da zai zuba miliyoyi a kaya, ya danƙa wa ejan komai, bai taɓa tambayar a wane aji aka shigar da kayansa ba, sai ranar da aka fasa masa sito a Singa ko Kantin Kwari ya gano takardun da ya biya wa kuɗi na wani kaya ne daban.

Ita kuwa yarjejeniyar Afirka da ake ta kafa hujja da ita, a kan wannan turba ta asali aka gina ta, ba ta rushe ta ba. An buɗe ciniki a ƙarƙashinta a hukumance ranar 1 ga Janairun 2021, amma Najeriya ba ta fitar da kayan farko ba sai Yulin 2024 daga Apapa, kuma sai Afrilun 2025 ta wallafa jadawalin rangwamenta a jaridar gwamnati. Kashi 90 cikin 100 na nau'o'in kaya ne za a sauke wa haraji, shi ma daki-daki cikin shekaru, kashi 7 a jinkirta su, kashi 3 kuma a bar su da harajinsu. Ɓangarorin da aka fi daɗewa ana ja-in-ja a kan ƙa'idar asalinsu su ne motoci da tufafi, domin ƙasashen sun kasa saurin yarda a kan ko yadin da aka saƙa a China, aka buga masa zane ko aka ɗinka shi a Afirka, ya cancanci a kira shi na Afirka. Dilan atamfar da ke jiran wannan yarjejeniya ta sauƙaƙa masa shigo da kayan Guangzhou ta Lome, ya sani ba da kayansa ake ba. Masu jima a Kano da masu sarrafa fata, da masana'antun robobi da na taliya a Sharaɗa da Bompai, su ne za su iya kai kayansu Kamaru ko Kenya da rangwame, muddin sun yi rajista sun karɓi takardar asalin.