Mu haɗu a littafi na biyu: Dabarar da ke hana mai karatu ajiye labari

Duk wanda ya karanta littattafan Hausa a shekarun 1990 ya san wannan takaici. Ana dab da gano wanda ya yi aika-aika, sai shafi ya ƙare, marubuci ya ce a haɗu a littafi na biyu. Washegari mutum ya nufi Kasuwar Sabon Gari da ke Ƙaramar Hukumar Fagge, ko ya aiki yaro wurin mai hayar littattafai na unguwa.

Wannan dabara ta daɗe. Marubutan Ingila na zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, da ita suka ci abinci.

Yadda Turawan suka yi

A 1859 Wilkie Collins ya fara fitar da labarinsa The Woman in White kashi-kashi, duk mako, a mujallar Charles Dickens. Labarin ya soma ne da wani malamin zane da ya gamu da mace sanye da fararen kaya cikin dare a hanyar Landan. Wace ce ita? Daga ina ta gudo? Sai da masu karatu suka yi wata tara suna bibiya.

Collins bai bar mutum ɗaya ya ba da labarin ba. Ya raba shi ga mutane da dama, kowa na faɗin iya abin da ya gani, kamar shaidu a gaban alƙali. Mai karatu shi ne ke auna wa ya faɗi gaskiya.

Arthur Conan Doyle, wanda ya fito da jami'in bincike Sherlock Holmes a 1887, ya bi wata hanyar. Abokin Holmes, Dakta Watson, shi ke ba da labari. Yana ganin duk abin da Holmes ya gani, amma bai gane ma'anarsa ba. An ajiye wa mai karatu hujja a gabansa, sai a ƙarshe ya ga ya tsallake ta.

Akwai kuma batun kuɗi. A lokacin ana buga littafi ɗaya cikin juzu'i uku a kan sule 31 da sisi, abin da ya fi ƙarfin talaka. Mutane sai suka koma haya a shaguna irin na Mudie. In na ɗaya bai riƙe mutum ba, ba zai dawo neman na biyu ba.

A Kano ma haka ne

Ba sai an je Landan ba. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, aku yana jan Musa ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri.

Marubutan Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu sun zo a lokacin da marubuci ke buga littafi da kuɗinsa. Da yawa sai na ɗaya ya shiga kasuwa kafin a samu kuɗin buga na biyu.

Wani abin da ya haɗa su da Turawan shi ne inda haɗari yake. Ba a daji ba, a cikin gida: rigimar gado, auren da aka ɓoye, ɗan da ba a san asalinsa ba, kishiya mai dariya a fili.

Yanzu a waya

Kasuwar littafin takarda ta ja baya, amma dabarar tana nan. Marubuta na sakin shafukan kyauta a WhatsApp, su tsaya inda labari ya ɗau zafi, sannan a biya a ci gaba. Shirye-shirye masu dogon zango kamar Labarina da Kwana Casa'in ma a kanta suke tafiya.

Sai dai jan rai bashi ne. Doyle ya kashe Holmes a 1893, masu karatu suka yi ta ƙorafi, ya dawo da shi da rai a 1903. Marubucin da ya karɓi kuɗi ya yi ta jan labari ba warwara, ko ya kawo amsar da bai shimfiɗa mata hanya ba, zai sayar da na biyu. Na uku ne zai rasa mai saye.