Fatar ƙarfe

A Falanko, cikin ƙasar Damargu, manomi yakan jingine hauyarsa bayan damina. In ya bar ta inda raɓa ke sauka, sai bakinta ya yi ja. Wannan ita ce tsatsa. Ƙarfe ne ya haɗu da oksijan, wani sashe na iskar da ake shaƙa, laima kuma ta taimaka. Masana suna kiran irin wannan haɗi oksid.

Tsatsa tana ɓarewa, iska ta sake samun ƙarfen da ke ƙasa, har hauya ta lalace. Tukunyar alminiyom ita ma tana yin oksid, amma nata siriri ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa. Ya manne gam kamar fata, shi ke tsare tukunyar.

In kuma ƙarfe ya haɗu da karbon, abin da ke cikin gawayi, ana samun karbid. Akwai wani ƙarfe mai suna tangistan. Karbid ɗinsa yana da tauri sosai, shi ya sa ake sa shi a bakin na'urar haƙa rijiya mai zurfi.

Me ya sa masana suke binciken fatar oksid da ta karbid? Domin a nan ake aiki. Wasu abubuwa ba sa haɗuwa da sauri sai sun sauka a kan fatar wani abu na uku. Aikinsa kamar na dillali ne a kasuwar Tanut: yana haɗa mai saye da mai sayarwa, shi kuwa ba a sayar da shi. Sunan wannan dillali katalis.

A 1973, Ricardo Levy da Michel Boudart sun nuna a Amurka cewa fatar karbid ɗin tangistan tana yin wasu ayyuka irin na filatinom, ƙarfe mai tsadar gaske. A 2007, Bajamushe Gerhard Ertl ya sami kyautar Nobel. Ya bayyana yadda iskar azot da ta hidrojan suke haɗuwa a kan fatar ƙarfe, su ba da amoniya. Da amoniya ake yin takin zamani.

Wannan ilimi bai yi nisa da Damargu ba. A 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ cikin gundumar Tanut. A matatun mai, garin katalis mai oksid shi ke farfasa mai nauyi, a sami esansi.

Manomin da ya goge hauyarsa, ya shafa mata mai, ya raba ta da iska da laima. Za ta kai shi damina ta gaba.

Tambayoyi
1. Me ke kawo tsatsa?
2. Me ke tsare tukunyar alminiyom?
3. Ta yaya katalis ya yi kama da dillali?