Wakilan Cikin Rauta: Yadda Na'urorin Intanet Ke Kai Rahoton Lafiyarsu

Ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka sami matsala a gaɓar yammacin Afirka. Jama'a a Najeriya da Ghana da Kwaddibuwa suka wayi gari intanet na tafiyar hawainiya, wasu ma ta ɗauke musu ɗungurungum. A rana irin wannan, abu na farko da injiniyan kamfanin sadarwa yake son sani shi ne: wace hanya ce ta faɗi, wacce ce ta rage? Ba zai bi na'urori ɗari, ɗaya bayan ɗaya, yana leƙawa ba. Na'urorin ne da kansu suke kawo masa labari, kuma akwai tsarin da labarin yake bi kafin ya iso allonsa.

Na'urar da ke zaɓar wa saƙo hanyar da zai bi ita ake kira rauta. Ƙa'idar da aka daɗe ana amfani da ita wajen tambayar rauta halin da take ciki kuwa ita ce SNMP, wadda ta fito a 1988, aka kuma daidaita ta a takardar RFC 1157 a 1990. Kwamfutar sa ido tana aika tambaya ta ƙofa mai lamba 161, rauta ta ba da amsa. In wani abu ya faru ba zato, rauta ba ta jiran a tambaye ta, sai ta aika saƙon ankararwa ta ƙofa mai lamba 162. Kowane bayani yana da lambarsa a wani kundi da ake kira MIB. Duk abin da ya shafi BGP, ƙa'idar da kamfanoni ke musayar hanyoyi da ita a tsakaninsu, yana ƙarƙashin 1.3.6.1.2.1.15. Na OSPF, wadda ke aiki a cikin gidan kamfani ɗaya, yana ƙarƙashin 1.3.6.1.2.1.14.

To, ga inda gizo ke saƙa. Manhajar rauta ba abu guda ba ce. Ɗauki FRRouting, manhajar kyauta da ta ɓalle daga Quagga a 2017, ita kuma Quagga 'yar aikin GNU Zebra ce da Kunihiro Ishiguro ya fara a 1996. A cikinta akwai shirye-shirye dabam-dabam, kowanne da aikinsa: bgpd na kula da BGP, ospfd na kula da OSPF, zebra na riƙe da teburin hanyoyi. Ƙofar 161 kuwa ɗaya ce tal, ba za su iya tsayawa bakinta su duka ba. Sai masana suka raba aikin biyu. Aka naɗa babban wakili guda, wanda a kan Linux galibi shi ne snmpd na Net-SNMP, ya tsaya a bakin ƙofa. Kowane shiri kuma ya zama ƙaramin wakili a bayansa. Kamar hakimi ne da dagatansa: baƙo ba ya yawo ƙauye-ƙauye, fada yake zuwa, hakimi ya aika wa dagacin da maganar ta shafa, amsa ta dawo ta bakin hakimi.

Yaren da babba da ƙanana suke magana da shi ya sauya sau ɗaya. Na farko shi ne SMUX, wanda Marshall Rose ya rubuta a RFC 1227 a 1991, yana amfani da ƙofa 199, ƙaramin wakili yana gabatar da lambarsa da kalmar sirri kafin a karɓe shi. Tsohuwar manhajar GateD ta Jami'ar Cornell da Quagga duk sun yi aiki da shi. Daga baya AgentX ya gaje shi, ya fito a 1998, aka sabunta shi a RFC 2741 a shekarar 2000. Shi yana bi ne ta ƙofa 705, ko kuma ta wani soket na cikin na'ura da aka saba ajiyewa a /var/agentx/master. FRRouting ta yau AgentX kaɗai take ji.

Zancen nasu yana da tsari. Ƙaramin wakili ne ke fara sallama, ya buɗe zama. Sannan ya yi rajistar reshen kundin da yake da alhakinsa, bgpd ya ce duk tambayar da ta faɗo ƙarƙashin reshen BGP tasa ce. Daga nan duk tambayar da ta zo daga waje, babban wakili zai duba rajista ya miƙa ta ga mai ita, ya jira amsa. A Net-SNMP, in ba a canza ba, daƙiƙa ɗaya yake jira, ya sake gwadawa har sau biyar. In alaƙar BGP da wani maƙwabci ta yanke, bgpd zai sanar da babban wakili, shi kuma ya aika ankararwa ɗakin sa ido.

Haɗa su bai da wuya, amma sai an taɓa wurare da dama, kuma mantawa da ɗaya ya isa ya ɓata komai. A fayil ɗin snmpd.conf ana rubuta master agentx domin snmpd ya yarda ya karɓi ƙananan wakilai. A ɓangaren FRRouting, dole manhajar ta zo da sashen SNMP. A Debian da Ubuntu kunshi ne dabam mai suna frr-snmp. Sai a ƙara -M snmp a layin kowane shiri cikin fayil ɗin /etc/frr/daemons, sannan a ba da umarnin agentx a cikin saitin rauta. In an dace, rajistar aiki za ta nuna layin da ke cewa AgentX subagent connected.

Abubuwa uku ne suka fi hana ruwa gudu. Na ɗaya izini: snmpd na ƙirƙirar soket ɗin da sunan babban mai iko na na'ura, FRRouting kuwa tana aiki da sunan frr, don haka ana iya hana ta shiga sai an gyara da agentXPerms. Na biyu iyakar gani: saitin da snmpd ke zuwa da shi a wasu nau'o'in Linux yana nuna ɗan bayanin na'ura ne kawai, ko da ƙaramin wakili ya haɗu lafiya, mai tambaya daga waje ba zai ga reshen BGP ba sai an buɗe masa. Na uku nauyi: cikakken teburin hanyoyin intanet ya haura hanyoyi 900,000, wanda ya ce a karanto masa shi duka ta SNMP zai shagaltar da bgpd, wa'adin jira ya ƙare, babban wakili ya ɗauka ƙaramin ya mutu.

Hatsarin da ke cikin wannan shi ne, babban wakili yana iya ci gaba da amsa sallama alhali ƙananan sun daɗe da yankewa. Allon sa ido zai nuna rauta tana raye, amma labarin BGP ba ya zuwa. Hanya ta faɗi, ba ankararwa, sai kiran abokan ciniki ya fara shigowa. Rashin ƙararrawa ba shaidar lafiya ba ne.

A nan ne bin sawu yake da rana. Bin sawu shi ne a umarci manhaja ta rubuta kowane mataki na zancen da ke gudana, saƙo bayan saƙo, da lokacinsa. A Net-SNMP ana tayar da snmpd da -f -Lo -Dagentx, sai ka ga buɗe zama da rajista da tambaya da amsa suna gangarowa a allo. A rautocin Juniper akwai traceoptions a ƙarƙashin snmp, inda ake zaɓar sunan fayil da girmansa da adadinsa, a kuma ɗaga tutar abin da ake son gani, kamar subagent ko pdu. Karatun sawun yana da sauƙi in an bi shi daki-daki. Ba a ga buɗe zama ba? Matsalar soket ce ko izini. An buɗe amma ba rajista? A duba sashen SNMP na shirin. An yi rajista, tambaya ba ta iso ba? Iyakar gani ce. Tambaya ta tafi, amsa ta makara? Nauyi ne. Bayan gyara, a gwada da snmpwalk a kan reshen BGP. Maƙwabcin da alaƙarsa ta ƙullu yana nuna lamba 6, wanda ke zaune ba haɗi yana nuna 1.

Sai dai bin sawu magani ne mai ƙa'ida. In aka ɗaga dukkan tutoci aka tafi aka bar shi, zai cinye ƙarfin na'ura, ya cika ma'ajiya, wataƙila ya kayar da rautar da aka zo dubawa. Kuma fayil ɗin sawu yana iya ɗaukar bayanan sirri. SNMP na ɗaya da na biyu suna aika kalmar shiga a fili, mutane da yawa ma ba sa canza ta daga public ɗin da ta zo da ita. SNMPv3, wanda aka daidaita a 2002, shi ne ya kawo tantancewa da ɓoye saƙo. Shi kansa AgentX ba ya tantance mai haɗuwa da shi, ba ya kuma ɓoye zance, saboda haka buɗe ƙofa 705 ga duniya ganganci ne. Haka nan bai wa kowa da kowa izinin soket don a huta da matsala.

Ga matasanmu masu koyon aikin sadarwa, da masu kula da intanet na makarantu da ofisoshi: kada ku tsaya a kan cewa rauta tana amsawa. Ku sa ido a kan ƙananan wakilai su ma, ku yanke wata alaƙa da gangan a lokacin gwaji ku ga ko ankararwa za ta iso. Ku kunna bin sawu a kan abin da kuke nema kaɗai, ku ƙayyade girman fayil, ku kashe shi da zarar kun gama. FRRouting da Net-SNMP duk kyauta ne, tsohuwar kwamfuta mai Linux ta isa a koyi wannan aiki tun kafin ranar da za a buƙace shi.