Firosesa da Sabar Gida: Yadda Masu Sha'awar Kwamfuta ke Rayar da Na'ura

Firosesa ita ce ɓangaren da ke yin lissafi da zartar da umarni a cikin kwamfuta da wayar hannu. Kowace irinta tana da jerin umarnin da take fahimta, kuma manhajar da aka shirya wa iri ɗaya ba ta tashi a kan wani sai an sake fassara ta. Iri uku ne suka fi tashe a yau.

Na farko shi ne x86, wanda ya samo asali daga firosesar 8086 da kamfanin Intel ya fitar a 1978. Da IBM ya ɗora kwamfutarsa ta 1981 a kan 'yar uwarta, 8088, sai wannan tsari ya mamaye ofisoshi da gidaje. A 2003 kamfanin AMD ya faɗaɗa shi zuwa bit 64, Intel ma ya bi sahu. Ƙarfinsa shi ne tarin manhajojin da aka rubuta masa tsawon shekaru, sai dai ya saba da cin wuta.

Na biyu shi ne ARM. Sophie Wilson da Steve Furber ne suka tsara shi a kamfanin Acorn da ke Kambirij a Ingila, ya fara aiki a 1985. An taƙaita umarninsa, don haka bai cika shan lantarki ko yin zafi ba, abin da ya sa kusan kowace wayar zamani a kansa take. Kamfanin Arm ya yi suna ne da sayar da lasisin zanensa ga masu ƙira. A kan wannan tsari ne Amazon ya fito da firosesar Graviton don manyan sabobinsa a 2018, Apple kuma ya fara mayar da kwamfutocinsa kan firosesar M1 a 2020.

Na uku, RISC-V, an fara shi a 2010 a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley. Jerin umarninsa a buɗe yake, kowa na iya ƙera firosesa a kansa ba tare da biyan kuɗin lasisi ba.

Saba kwamfuta ce da ake bari a kunne dare da rana tana yi wa sauran na'urori hidima: ajiye hotuna da takardu, riƙe shafin intanet, ko tace tallace-tallace. Masu sha'awa kan haɗa tasu a gida da tsohuwar kwamfutar x86, ko da Raspberry Pi, ƙaramin allo mai girman katin banki da aka fitar a Ingila a 2012 kan dala 35, mai amfani da ARM. Wutar da samfurin Pi 4 ke buƙata ba ta wuce wat 15, saboda haka a wuraren da lantarki ke yawan ɗaukewa batir da sola na iya riƙe shi.

Haɗa sabar na bin matakai. Ana fara sauke babbar manhajar da ta dace da irin firosesar, yawanci Linux, a ɗora ta a katin ajiya ko faifai. Sai a ba na'urar adireshi tsayayye a cikin hanyar sadarwar gidan, a kunna SSH domin sarrafa ta daga wata kwamfutar. Ƙwararru sun fi son shiga da makullin sirri maimakon kalmar sirri, suna rufe duk ƙofar da ba a amfani da ita, suna sabunta manhaja a kai a kai. Ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban wajibi ne, domin faifai na mutuwa ba sallama.

Duk wannan ya dogara ne a kan jama'ar da ke aikin sa kai. Linus Torvalds ya rubuta Linux a Helsinki a 1991 domin firosesar Intel 386 kaɗai. Masu ba da gudummawa ne suka yi ta daidaita shi da sauran tsare-tsare. Ƙungiyar Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, tana haɗa nata nau'in Linux tare da gina dubban manhajoji ga tsare-tsare da dama, kuma a fitowarta ta 13, a 2025, ta karɓi RISC-V mai bit 64 a hukumance. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: firosesar da ba ta da masu gwada ta, masu kai rahoton matsala da masu rubuta bayani, ba ta amfanar mai sabar gida kome kyawun zanenta.

Irin wannan taro ba ya rasa saɓani. Ana muhawara kan ko a ci gaba da ɗawainiya da tsofaffin na'urori idan masu kula da su sun ƙaranta, da kuma yadda ya kamata a amsa wa sabon shiga. Debian ta amince da ƙa'idar ɗabi'a a 2014, masu Linux kuma suka ɗauki tasu a 2018. Don haka mai niyyar haɗa saba yana duba abu uku kafin ya sayi na'ura: ƙarfinta, wutar da take ci, da yawan mutanen da ke kula da manhajarta.