Inuwar Mutum Ita Ce Agogon Gona

Manoman ƙasar Gaya da Ajingi da yawa ba su zuwa gona da agogo, mai wayar hannu kuwa caji ya kan ƙare masa tun aiki bai yi nisa ba. Amma fa aikin gona ba ya kyau sai da sanin lokaci. Shanun huɗa in aka bar su cikin karkiya har rana ta take, sai su galabaita, su rame tun damina ba ta raba ba. Ɗan ƙwadagon da aka yi jinga da shi zuwa azahar, in ba a san sa'ad da azahar ta yi ba, sai a rabu da gardama. Maganin ƙwarin wake ma da sanyin safiya ko da yamma a kan fesa shi, don kada a hallaka zuma. To, akwai agogon da kowa ke yawo da shi, ba a saye, ba ya lalacewa, watau inuwarsa.

Ga yadda a kan auna. Tsawon mutum, babba ko yaro, ya kan yi kamar tafin ƙafarsa 7. Sai ya sami wuri mai baje, ya cire malafa, ya ba rana baya, ya lura da inda inuwar kansa ta tsaya. Sa'an nan ya taka zuwa wurin, dunduniya na taɓa babban yatsa, yana ƙirgawa.

Da damina, daga Mayu zuwa Satumba, a Gaya da Ajingi lissafin kamar haka yake:

Ƙafa 11, wajen ƙarfe 8 da rabi na safe.
Ƙafa 7, wajen ƙarfe 9 da rabi.
Ƙafa 4, wajen ƙarfe 10 da rabi.
Ƙafa 2, wajen ƙarfe 11 da rabi.

Bayan rana ta karkata sai lissafin ya juyo: ƙafa 2 ƙarfe 1 da rabi, ƙafa 4 ƙarfe 2 da rabi, ƙafa 7 ƙarfe 3 da rabi, ƙafa 11 ƙarfe 4 da rabi. Saboda haka wanda ya ɗaura wa shanunsa garma tun fitowar rana, da ya ga inuwarsa ta dawo ƙafa 4, ya san sun yi awa 4 suna ja. Lalle ya kwance su, ya kai su gindin itace, ya ba su ruwa.

Amma ga inda a kan yi kuskure. Ma'aunin damina ba ya aiki da rani. Dalili kuwa, rana ba ta bin hanya ɗaya duk shekara. Gaya na wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu kaɗai rana ta kan bi ta bisa kai sosai, wajen 21 ga Afrilu da wajen 22 ga Agusta. A waɗannan ranaku inuwar tsakar rana ta kan shige ƙarƙashin ƙafa. Tsakaninsu rana na ratsawa ta arewa, inuwa na faɗuwa kudu, ba ta wuce ƙafa ɗaya da rabi. Daga ƙarshen Agusta kuwa sai rana ta yi ta gangarawa kudu, inuwa ta koma arewa tana ƙara tsawo, har wajen 21 ga Disamba ta kai ƙafa 5 da tsakar rana tsaka.

Ke nan mai lambu a fadama, in ya auna ƙafa 7 cikin Disamba ya ce ƙarfe 9 da rabi, ya makara da awa guda, gama ƙarfe 10 da rabi ne ta yi. A watan nan ƙarfe 9 da rabi inuwa ta kan kai wajen ƙafa 10. Malamai sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa a wajen la'asar su kan ɗauki ƙafa 7 su ƙara da abin da ya saura na inuwa sa'ad da rana ta yi tsaka. Ƙarshen Agusta ƙafa 7 ke nan, Disamba kuwa 12.

Wanda ke son abin da ba ya sakewa da damina ko rani, sai ya kafa sanda a miƙe a bakin gona, inda ƙasa ta daidaita. Da hantsi ya sa tsakuwa a kan bakin inuwarta, ya ɗaura igiya a gindin sandan, ya zana da'ira ta bi ta kan tsakuwar. Da yamma, sa'ad da bakin inuwar ya sake taɓa da'irar, ya sa tsakuwa ta biyu. Ya raba tsakanin tsakuwan nan biyu daidai, ya ja layi daga nan ya ratsa gindin sanda har ya wuce. Layin nan kudu da arewa ne. Ko wane wata ne, da inuwar sanda ta hau kansa rana ta yi tsaka, da ta gota gabas kuwa zawali ya yi.

Kada kuma a yi mamaki in aka ga agogo bai ce 12 ba a sa'an nan. Tun 1919 Nijeriya ke bin lokaci guda, wanda ya dace da layin digiri 15 gabas da Girinwic ta Ingila, layin da ya bi ta Njamena a Chadi. Gaya na digiri 9, kowane digiri kuwa minti 4 ne, watau rana na makara mata da minti 24. Wannan ma ya kan ɗan motsa: farkon Nuwamba rana na tsaka wajen 12 da minti 8, tsakiyar Fabrairu kuwa sai 12 da minti 38. Haka kuma Maiduguri ta kan riga Gaya da wajen minti 16, Sakkwato ta biyo baya da wajen minti 15.

Ran da hadari ya rufe, ko hazo ya yi kauri, ba a samun inuwa, sai a yi haƙuri da kintace. Sauran ranaku kuwa ta isa. Abin da ya kamata kowane manomi ya yi shi ne ya auna inuwarsa ta tsakar rana a farkon kowane wata, ya riƙe adadin a ka, ya kuma koya wa yaransa masu kora shanu. In za a yi jinga, a faɗi ƙafa nawa za a tashi tun ba a sa fartanya a ƙasa ba.